Kafso 504 da Ɓeraye 18: Yadda Aka Sake Fasalin Wani Gwajin Bitamin E a Maradi

A farkon watan Oktoba, lokacin da sabuwar gyaɗa ta fara shigowa kasuwa, wata ɗaliba mai shirin rubuta kundin kammala karatu ta shigo ɗakin gwajin da nake aiki a nan Maradi. Takarda shafi huɗu ce a hannunta, sai kwalbar kafso guda a cikin baƙar leda. Ni aikina kula da kaya ne: sikeli, na'urar da ke juya jini ta raba shi, firigo, da ɗakin dabbobi in akwai dabbobin. Malaminta ne ya turo ta in duba abin da za ta buƙata, in yi mata ƙiyasin kuɗi. Na ɗauka aikin rabin awa ne, sai ga shi ya ci mana mako uku. Na ga ya dace in rubuta yadda abin ya gudana, domin ba yau na fara ganin irin wannan shiri ba, kuma kusan kullum a wuri ɗaya ake yin tuntuɓe.

Shirin da ta zo da shi

Ɓeraye farare 18 take so, ko kusa kamar yadda muke cewa a nan, irin nan da ake kira Wista, waɗanda aka fara kiwonsu a wata cibiya ta Filadelfiya a Amurka tun 1906. Za ta kasa su uku, shida-shida. Kashi na farko abinci kawai. Na biyu a ɗura wa kowanne kafso ɗaya na bitamin E kullum, mai ƙarfin 400 a ma'aunin nan da ake rubutawa UI a jikin kwalba. Na uku kafso biyu. Bayan kwana 28 a ɗibi jini, a auna bitamin E, da A, da C. Hasashenta shi ne duka ukun za su ƙaru, kuma wanda ya sha biyu zai ninka wanda ya sha ɗaya. Abincin kuwa na kaji ne na buhu, za ta haɗa da garin ƙuli-ƙuli da ɗan riɗi, "don su yi ƙiba," in ji ta.

Na tambaye ta abin da ya kai ta ga wannan batu. Ta ce a unguwarsu mata na sayen kafson nan sosai, wasu su fasa su shafa a fuska, wasu su sha don neman haihuwa. Yayarta ta fi shekara tana sha. Ita so take ta san ko abin da ake haɗiya yana isa jini, kuma in ya isa me yake yi wa sauran bitamin. Tambaya ce mai kyau, kuma ta faɗa kan dabbar da ta dace, don tarihin bitamin E gaba ɗaya a kan ɓera aka gina shi.

A 1922 ne Herbert Evans da Katharine Bishop, a jami'ar Kalifoniya da ke Bakli, suka lura cewa ɓeraye mata da aka tsare a kan wani abinci mai man alade suna ɗaukar ciki lafiya, amma sai ƴan tayin su mutu, jikin uwar ya tsotse su. Da aka ƙara musu ganyen salati ko tsiron ƙwayar alkama, sai suka riƙa haihuwa. A 1924 aka ba abin harafin E, a 1936 aka tace shi daga man tsiron alkama aka raɗa masa suna tokoferol, daga kalmomin Girkanci masu nufin ɗaukar haihuwa. Shi kansa ma'aunin UI daga wannan gwaji na cikin ɓera aka samo shi. To daga nan sunan "bitamin na haihuwa" ya taso har ya iso unguwannin Maradi. Sai dai abin da gwajin ya nuna shi ne rashinsa yana ɓarar da cikin ɓera. Bai nuna cewa ƙara shi yana kawo wa mace ciki ba.

Lissafin da ya tsayar da mu

Kafin mu kai ga kuɗi, na ce mu ƙirga kafso. Shida sau ɗaya sau 28, da shida sau biyu sau 28, ya ba mu 504. Sai na jawo mata takardar abincin ɓeran gwaji da masana suka daidaita a Amurka a 1993, wanda ake kira AIN-93. A kowane kilo na abincin nan UI 75 ne na bitamin E. Ɓera mai nauyin giram 200 yana cin wajen giram 20 a rana, in ya ci da yawa. Ke nan rabonsa na yini UI ɗaya da rabi ne. Kafso ɗaya da take son ɗura masa a safiya guda, guzurinsa ne na sama da kwana 260.

Ta yi shiru, sannan ta ce, "Malam, ai bitamin ne, ba magani ba."

Na ce, "Ɗiyata, gishiri ma abinci ne. Raba 400 da nauyin ɓeran ki gani."

Ya ba ta UI 2000 a kowane kilo na jiki. In aka juya shi kai tsaye kan mace mai kilo 60, kafso 300 ke nan a rana. Ɓeraye masu shan biyu kuma UI 4000 a kowane kilo. Akwai wani gwaji da aka buga a 1986, inda aka yi mako 13 ana ɗura wa ɓeraye bitamin E har miligiram 2000 a kowane kilo na jiki. A wannan mataki jininsu ya daina daskarewa yadda ya kamata, suka riƙa zubar jini ta ciki, wasu daga cikin mazan suka mutu. Kashi na uku na ɗalibar nan ya zarce wancan mataki. Da an bi takardarta yadda take, da akwai yiwuwar mu buɗe ɗaki wata safiya mu tarar da gawa a keji, mu ɗora wa zafi laifi.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari

Matsala ta biyu a buhun abinci take. Na ce ta je wurin mai sayar da abincin kaji ta ɗauko hoton takardar da ke ɗinke a bakin buhu. Ta dawo da shi a wayarta, ga jerin nan: bitamin A, D3, E, K3. Masu haɗa abincin kaji suna zuba garin bitamin a ciki tun daga masana'anta. Kashin da ta rubuta wa "marasa bitamin E" ashe su ma suna sha, sai dai ba mu san nawa ya rage ba bayan buhun ya yi watanni a shago mai rufin kwano. Ga kuma ƙuli-ƙuli, wanda komai matsar da aka yi masa da sauran mai a jikinsa, man gyaɗa kuwa yana ɗauke da bitamin E nau'i biyu, alfa da gama. Ƙulin wannan gida ya fi na wancan maiƙo. Duk abin da jini ya nuna a ƙarshe, ba mai iya rantsuwa cewa aikin kafso ne.

Riɗi kuma, a ranar nan ce mata na yi ta cire shi kwata-kwata. Zan dawo kan wannan, don a nan ni ne na yi gaggawa.

Abin da hanta take yi

Inda muka fi daɗewa shi ne hasashenta cewa biyu zai ninka ɗaya. A ido abin kamar gaskiya ne, amma jiki ba haka yake lissafi ba.

Bitamin E iyali ne mai ƴaƴa takwas: tokoferol huɗu, alfa, beta, gama da delta, da wasu huɗu da ake kira tokotiriyenol, waɗanda manja yake da su da yawa. Dukansu maiƙo suke bi. Ba sa shiga jiki sai da kitse a cikin abinci da ruwan madaciya. Ɓera ma ba shi da jakar madaciya, ruwan yana tsiyaya ne daga hanta zuwa hanji ba tsayawa. Daga hanji duka takwas ɗin suna hawa ɗigon maiƙo su bi jini zuwa hanta ba tare da an bambanta su ba. A hanta ake tankaɗe. Akwai wani furotin, alfa-TTP, wanda a hantar ɓera aka fara gano shi, aikinsa ya zaɓi alfa ya ɗora shi a kan maiƙon da hanta ke fitarwa cikin jini. Masu bincike a Japan sun auna son zuciyarsa a 1997: in alfa ya samu 100, beta 38 yake samu, gama 9, delta 2. Waɗanda bai ɗauka ba sai hanta ta daddatse su, su fita ta fitsari da madaciya.

Na yi mata misali da tasha. Ranar kasuwa komai yawan fasinjan da suka taru, motar Dakoro kujerunta ba sa ƙaruwa. Wanda ya samu wuri ya tafi, saura su yi cirko-cirko a tasha. Haka alfa yake. Da farko in aka ƙara shi a abinci yana hawa a jini da sauri, musamman ga dabbar da ke cikin rashi, daga nan sai hawan ya yi sanyi ya kwanta. A mutum, komai yawan kafson da ya sha, da wuya abin da ke jininsa ya wuce ninki uku ko huɗu. A ɓera rarar tana jibgewa ne a hanta, can ne ake ganin babban bambanci. Da kafso ɗaya da kafso biyu duk sun wuce inda layin ya kwanta nesa ba kusa ba, don haka jinin kashi na biyu da na uku zai fito kusan ɗaya, ɗaliba ta zauna tana zargin na'ura.

Sannan ga abin da takardarta ba ta hango ba: in alfa ya yi yawa, gama raguwa yake yi a jini. Alfa ya cika kujerun, hanta kuma ta ƙara himmar datsa. An ga haka a ɓera, an gani a mutum. Wato kafso yana ɗaga bitamin E ɗaya, yana kwantar da ɗan'uwansa wanda man gyaɗa da riɗi suke ba mu.

Na kuma nuna mata ƙaramin rubutun da ke jikin kwalbarta: dl-alfa. Wannan na haɗin masana'anta ne, siffofi takwas ne a gauraye, rabinsu kawai furotin ɗin yake riƙewa da kyau. Mai d-alfa shi ne na tsiro. Dole kundi ya faɗi wanne aka yi aiki da shi.

Sauran bitamin

Bitamin C bai ɗauke mu minti biyar ba. Gaskiya ne shi ke farfaɗo da bitamin E bayan ya gama aikinsa na kare maiƙon jiki daga lalacewa, amma ɓera da kansa yake ƙera bitamin C a hantarsa. Mutum da ɓeran Masar suna cikin waɗanda ba sa iyawa. Auna shi a jinin ɓera ba zai gaya mata komai game da yayarta ba. Muka soke.

Bitamin A ya fi wuya ta haƙura da shi. An daɗe da sanin cewa bitamin E yana taimaka wa ɓera ya adana bitamin A a hanta, tun wajen 1940. Amma hanta rumbu ce mai maigida matsolo: ko rumbun ya cika ko ya kusa rabi, mudun da take fitarwa cikin jini kusan ɗaya ne, sai in ajiyar ta kusa ƙarewa sannan jini ya nuna. Mai son ganin tasirin sai ya auna hantar kanta, wato sai an yanka dabbar a ƙarshe. Muka bar bitamin A a jerin, amma ta gyara hasashen ta rubuta cewa ba ta sa ran ya motsa a jini.

Wanda babu shi a takardar, kuma shi ya fi cancanta, bitamin K ne, na daskarewar jini. Yawan bitamin E yana yi masa zagon ƙasa, shi ne musabbabin zubar jinin da na ambata, shi ya sa kuma ake gargaɗin masu shan maganin tsinka jini game da kafson nan. Auna bitamin K kansa aiki ne mai tsada, amma ana iya auna aikinsa da gwajin nan na asibiti da ake rubutawa TP, a kwalba mai shuɗin murfi. A nan ma ɓera yana da nasa hali: yana cin kashinsa, yana samun bitamin K daga ƙwayoyin da ke hanjinsa. In wasu kejuna masu gindin waya ne kashin na zubewa ƙasa, wasu kuma masu dusar katako, to an raba su tun kafin a fara. Duka kejuna sai su zama iri ɗaya.

Na'ura, haske da kuran

Hanyar da muke da ita a hannu tsohuwa ce, ta Emmerie da Engel ta 1938. Ana sa bitamin E ya sauya wani sinadarin ƙarfe, ruwan ya yi ja, a karanta jan da haske mai tsawon zango nanomita 520. Tana da araha, amma ba ta san alfa ba, ba ta san gama ba, duka take dunƙulewa. In ɗaya ya hau ɗaya ya sauka, lamba guda za ta ba ka. Mai rabewa ita ce na'urar da ake kira HPLC, wadda ke karanta tokoferol a wajen nanomita 292, bitamin A a 325, daga ɗigon jini ɗaya. Sai an aika da samfur wani gari cikin ƙanƙara. Kuɗin kafso 504 da aka fasa saye shi ya koma can.

Akwai ƙananan abubuwa da ke ɓata aiki babba. Bitamin E a kan maiƙon jini yake tafiya, dabbar da maiƙon jininta ya yi yawa sai ta nuna bitamin E da yawa ko da namanta bai ƙoshi ba, don haka dole a auna kwalastarol a raba. Ɓera da dare yake ci, sai a ɗauke abinci da magariba a ɗibi jini da safe. Jinin ɓera mai giram 200 duka-duka wajen mililita 13 ne, abin da ake yarda a ɗiba a lokaci ɗaya bai wuce kashi ɗaya cikin goma ba. Kwalaben sai an naɗe su da takardar alminiyam saboda haske, a daskarar da su nan take, a kuma tanadi janareto don ranar da kuran ya ɗauke. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Lokaci ma sai da muka sauya. Ita Afrilu ta sa. Ɓeran gwaji tsakanin digiri 20 da 26 yake so, Afrilun Maradi kuwa sama da 40 ne. In zafi ya dame shi cin abinci yake ragewa, in kuma bitamin ɗin a cikin abincin yake, to abin da yake sha ya ragu ba tare da kowa ya rubuta ba. Muka dawo da shi Disamba da Janairu.

Riɗin da na ce a cire

Bayan kwana biyar ta dawo da wasu takardu da ta sauko da su daga intanet, duk ta ja musu layi da jan biro.

"Malam, riɗin nan da ka ce in cire, ni ina ganin shi ne ma aikin."

Abin da ta samo shi ne binciken Kanae Yamashita da abokan aikinta a Japan, na 1992. Riɗi kusan gama ne kawai a cikinsa, alfa ɗan kaɗan ne. A ƙa'ida hanta za ta datse gaman nan ta zubar. Amma ɓerayen da aka ba riɗi sai aka tarar da gama mai yawa a jininsu da hantarsu, fiye da waɗanda aka ba gama zalla daidai wannan adadi. Daga baya Robert Parker da ɗalibansa a jami'ar Konel ta Amurka suka nuna dalili: wani sinadari na riɗi, sesamin, yana danne almakashin da hanta ke datsa bitamin E da shi. Ni na san wannan, shi ya sa na ce a cire, don na ɗauke shi abin da zai dagula lissafi. Ita kuma ta dube shi ta ga tambaya: a garin da ake noma riɗi, ake cin kantu tun ana yara, me zai faru in kafso da riɗi suka haɗu a ciki ɗaya? Alfa na korar gama, riɗi na tsare shi. Wa zai rinjaya? Ta fi ni gaskiya, na kuma faɗa mata haka.

Malaminta ya yarda da riɗin, amma ya so a bar kashi ɗaya mai shan kafso cikakke, a cewarsa sakamako zai fi fitowa fili. Mun ɗan ja. Na ce, "Dokta, fitowa zai yi, amma abin da aka riga aka sani ne, kuma ran dabba za a biya." Abin da ya kashe maganar lissafin kafso 300 ne ga mace ɗaya, da ɗalibar ta karanta masa da bakinta.

Fasalin ƙarshe ya zama kashi huɗu, shida-shida, duka maza masu kwanaki ɗaya, domin matan ɓera sun fi mazan riƙe bitamin E a jini. Na farko abincin tushe, an daina kiransu marasa bitamin. Na biyu an ƙara UI 500 a kowane kilo na abinci. Na uku riɗi. Na huɗu duka biyun. Mako biyu na sabo a kan abincin tushe, a ɗibi jinin farko, sannan mako shida na gwaji. Babu ɗura, a cikin abinci za a cuɗa, a auna abin da aka zuba da abin da aka bari kowace safiya. An cire ƙuli-ƙuli. Abincin kaji buhu ɗaya za a saya a rana ɗaya, a ɗebi kaɗan a daskarar, a aika tare da jinin a auna.

Wuri ɗaya ne har yanzu bai kwanta mini ba. Kusan rabin riɗi mai ne, don haka waɗanda ba su ci riɗi ba sai an cike musu maiƙo, in ba haka ba an bambanta su ta fuska biyu. Duk man tsiron da muka ɗauko yana zuwa da nasa bitamin E. Muka tsaya a kan kitsen sa daga mahauta, a narke a tace, don nasa kaɗan ne. Amma kitse da man riɗi ba jinsi ɗaya ba ne, man tsiro ya fi cinye bitamin E a jiki. Na ce ta rubuta wannan a kundin ƙarara, tun kafin masu jarrabawa su rubuta mata.

Ɓeraye 12 masu samun ƙari, giram 20 a rana, kwana 42, abinci kilo 10 ke nan, UI 5000. Kafso 13. Jiya ta ƙirga su a kan tebur ɗina, ta ƙara biyu saboda ɓari, ta zuba a kwalba mai duhu ta rubuta kwanan wata. Riɗin tiya biyar ne daga hannun mutum ɗaya, ta wanke ta shanya a inuwa. Kejuna 24 suna jere, kowanne da lambarsa, ita ta zana su da fenti. Takardar izinin kwamitin da ke duba aiki da dabbobi ce ta rage, da ta fito za a aika a kawo ɓerayen.